Igiya Biyu a Ɗaki Ɗaya

Tun da Gwaggo Balaraba ta yafa mayafi ta fita da igiyar awo a cikin jakarta, Mardiyya ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba.

Ta share tsakar gida, ta koma ta sake sharewa. Ta ɗora tukunya a murhu, sai da ta daɗe a tsugune sannan ta lura ba ta hura wuta ba. Waya kuwa ta ɗauka ta ajiye, ta ɗauka ta ajiye, har hannunta ya gaji.

Yau ce ranar awon ɗaki. A wasu gidajen abin nishaɗi ne: mata daga dangin amarya su je su ga ɗakin da za a kai ɗiyarsu, su auna tsawo da faɗi, a kai wa kafinta ya san girman gado da sif, a dawo ana guɗa. Amma a gidan mahaifin Mardiyya, Liman Sanda na Kaura Namoda, awon nan shi ne auren gaba ɗaya.

Mubashir, wanda Mardiyya ta shekara uku tana so, ya samu aikin malamin dabbobi, yana bin rugage yana yi wa shanu allura daga Gurbin Bore har zuwa Shinkafi. Aikin ya zo a daidai lokacin da zaman ƙauyensu, Birnin Tsaba, ya gagara saboda 'yan bindiga. Mahaifiyarsa Inna Lubabatu da ƙannensa mata suna raɓe a gidan dangi a Dauran tun rani, kayansu a ɗaure cikin buhuna. Dole ya zaɓi garin da zai tara iyalinsa kafin ruwan shuka ya sauka.

Wurin aiki sun nuna masa gida a Shinkafi. Inna ta ce ita ba ta san kowa a can ba, Zurmi take so, inda babur zai kai ta gonar marigayi mijinta ya dawo da ita da rana tsaka. Liman Sanda kuwa maganarsa ɗaya ce, kuma bai taɓa ƙara mata ko kalma ba:

"Ɗiyata ba ta zama inda ƙafata ba ta kai ni."

Kowa ya san dalili, shi ya sa ba a yi masa gardama. Hamida, yayar Mardiyya, a wani ƙauye bayan Dauran aka kai ta aure. Ranar da naƙuda ta kama ta, la'asar ta riga ta yi, babu direban da ya yarda ya hau hanya. Liman ya tsaya a tashar mota yana roƙon mutane har aka kira magariba. Da gari ya waye, labarin rasuwa ne ya riga shi isa.

To ga Safwan, ɗan mai shagon kayan gini, ya gama gidansa tsaf a cikin Kaura, magabatansa sun zo sau biyu. Liman ya ce shi ba ya yi wa ɗiya dole. Amma idan Asabar ɗin nan ta wuce Mubashir bai nuna ɗaki a Kaura ba, to ya cire ransa, kuma duk wanda ya sake sallama za a saurare shi.

Abin da ke cin Mardiyya wani ne daban. Makonni biyu da suka wuce, da haushi ya ishe ta, ta ce wa Mubashir a waya, "Ni dai ka nemo ɗaki a Kaura ko na aro ne, a rufe bakin Baba!" Bayan kwana huɗu ya kira ya ce ya samu. Ba ta tambaye shi yadda ya yi da Inna ba. Ba mantuwa ta yi ba, tsoron amsar take ji.

Ana gab da kiran azahar ta ji an banko ƙyauren gida. Babu guɗa.

Gwaggo Balaraba ta shigo fuu, mayafi a hannu, ɗankwali ya karkace. Ita ce ƙanwar Liman, ita ta riƙe su Mardiyya tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma duk unguwar an san bakinta. Ta zaro igiyar daga jaka ta yi jifa da ita a tsakar gida.

"Gwaggo, lafiya?"

"Lafiyar ke nan! Ni Balaraba, da furfurata, yau ni anka mai da abin dariya cikin garin Kaura!"

Mardiyya ta jawo mata kujera, Gwaggo ta ture ta da ƙafa.

"Mun tai, ni da Adda maƙwabciyarmu. Gida bayan tashar jirgi, ciki da falo, sabon fenti shuɗi. Angon naki shina tsaye bakin ƙofa shina washe baki, shi da abokinai Armiya'u. Nic ce madalla. Nij jawo igiyata, Adda ta riƙe min baki guda. Na ƙulla tsawo, na ƙulla faɗi, ina duƙe ina duba inda sif za ta tsaya, sai nij ji sallama. Mata huɗu, sun sha ado, babbarsu riƙe da igiya sabuwa ƙal!"

"Igiya kuma?"

"Igiya, ɗiyag ga, irin tawa! Nic ce, bayin Allah, ɓatan kai kunka yi? Tac ce a'a, ku dai kunka yi. Nic ce ɗakin ɗiyata na. Tac ce ɗakin ɗiyarta na, wadda Armiya'u za ya aura bayan Sallah! Wai gobe anka ce su zo, sai sunka samu mota yau."

Mardiyya ta dafe bango.

"Ni na ja nan, ita ta ja can, sai ga igiya biyu sun sarƙe tsakiyar ɗaki. Armiya'u ya sulale ta bayan gida, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Naki kuwa ya sandare kamar an dasa shi. Ɗakin aro, Mardiyya! Ɗakin aro yan nuna min!"

"Gwaggo, don girman Allah kada ki gaya wa Baba. Ki bari in..."

"In gaya mai? Yo ai kafin ya sallame sallah labari ya iske shi sahun gaba. Matan nan huɗu kina zaton bakinsu ɗinke yake? Uwar Safwan ma yanzu haka ta ji, tana can tana gyara goro."

Mardiyya ta shige ɗaki ta faɗa kan katifa. Ta tashi. Ta sake zama. Kuka ma ya ƙi zuwa. Ta ji haushin Mubashir kamar ta shaƙe shi, ta kuma ji tausayinsa, sannan kunyar kanta ta rufe su duka.

Bayan azahar wayarta ta yi ƙara.

"Ina zaure," in ji shi. Muryar kamar ba tasa ba.

Ta zura hijabi ta fita. Yana tsaye jikin bango, hularsa a hannu, ƙafafunsa sun yi buɗu-buɗu. Ba ta gaishe shi ba.

"Mubashir, ɗakin wa Gwaggo ta auna?"

"Na Armiya'u."

"Kai kuma ina naka?"

Ya sunkuyar da kai. "Zurmi. Na kama gida tun wancan makon. Ɗaki uku, Inna ɗaya, yara ɗaya, ke ɗaya."

"Ni ɗaya!" Ta yi wata dariya mai ciwo. "Wato a ɗaura aure, a yi jere a ɗakin mutane, in Baba ya saki jiki ka kwashe ni a motar kaya kamar buhun gero? Sace ni za ka yi ke nan."

"Wata ɗaya nic ce za mu yi a nan, kafin bikin Armiya'u. Na ɗauka in aure ya ɗauru zuciyar Baba za ta yi sanyi, in zo in durƙusa in roƙe shi."

"Da wane bakin? Wanda ka yi masa ƙarya da shi?"

"Mardiyya, ke kika ce ko na aro ne."

Nan hawayen suka ɓalle. "Na ce! Na ce ɗin! Kuma don na faɗa cikin fushi sai ka je ka aro? Da na ce ka faɗa rijiya faɗawa za ka yi? Kai ne namiji, kai ne mai karatu, me ya hana ka ce min, Mardiyya, ba zai yiwu ba?"

"Saboda in na ce haka, Safwan ya samu."

"To yanzu wa ya samu?"

Wani babur ya wuce a waje, su duka suka waiga, suna zaton Liman ne.

"Ki bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba," in ji shi a hankali. "Kaura nake so. Wallahi Kaura nake so, ko don ke. Na gwada, ba ki sani ba. Kwana uku na yi a ɗakin Armiya'u ina tashi daga nan zuwa aiki. Kin san Fulani ba su jiran kowa, da hantsi ya yi sun saki shanu, allura kuwa sai suna ɗaure. Rana ta farko na iske ruga wayam. Ta biyu ƙanƙarar da ke cikin akwatin magani ta narke kafin in kai, na zubar da shi duka. Ta uku..."

Ya kau da kai.

"Ta uku me?"

"Na wuce Dauran kaɗan na gamu da mutane suna gudu, suna ɗaga hannu a koma. Na jefar da babur na kwanta cikin wata gona har azahar. Ranar da kika yi ta kira ban ɗauka ba, nic ce miki caji ya ƙare."

Mardiyya ta zauna a kan dakalin zauren. Ta tuna ranar sarai, har gaba ta yi da shi kwana biyu a kan rashin ɗaukar waya.

"Daga Zurmi rabin tafiyar ce, kuma ayari muke fita da sauran ma'aikata, mu dawo tare da rana. Shinkafi ta fi sauƙi ma, amma da na faɗa wa Inna sai ta ɗauko damin irin geron Babanmu ta rungume tana kuka. Tac ce in kai ta inda za ta iya shuka shi a gonarsa, ko in bar ta a Dauran ta mutu a ɗakin mutane. Ke ki gaya min, ya zan yi? In na zaɓi Kaura na rasa aiki ko na rasa rai. In na zaɓi Zurmi na rasa ki. Kwana nawa ina juya garuruwan nan a kaina, har abinci ba ya shiga."

"Me ya sa ba ka gaya wa Baba haka ba?"

"In ambaci hanyar Dauran a gaban mahaifin Hamida?"

Ta rufe fuska da hijabi tana sheshsheƙa. Shi ma idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana kallon bango. Sun daɗe a haka, ba su ji kiran la'asar ba, ba su ji an idar ba.

Gyaran murya kawai suka ji.

Liman Sanda yana tsaye a bakin zaure, carbi a hannu. Dogo ne siriri, gemunsa fari fat. Bai ɗaga murya ba, kuma Mardiyya ta san wannan ya fi faɗa muni. Mubashir ya zube ƙasa.

Liman ya shimfiɗa buzunsa ya zauna. "Balaraba! Kawo min igiyar nan."

Gwaggo, wadda dama tana laɓe bayan ƙyaure, ta fito ta miƙa masa. Tsohuwar igiyar rama ce, ta yi baƙi don shan hannu. Da ita aka auna ɗakin kowace ɗiya a danginsu.

"Mubashir, shekara talatin ina limanci unguwag ga. Yau ina fitowa masallaci yara na nuna ni. Na ba ka sharaɗi, da ka ce ba ka iyawa da mun rabu da mutunci. Tashi ka tai. Allah shi haɗa kowa da rabonai."

"Baba..."

"Na gama."

Mardiyya ba ta san lokacin da ta durƙusa a gabansa ba. Ba ta taɓa sa baki a maganar aurenta a gaban mahaifinta ba, ko sunan Mubashir ba ta taɓa kamawa ba. Gwaggo ta zaro ido tana mata alama ta shige ciki. Ba ta motsa ba.

"Baba, ka yafe min. Ni na ce ya aro ɗakin."

Carbin ya tsaya a hannun Liman.

"Ni na faɗa, shi ya aikata, laifin namu ne mu biyu. In za ka kore shi, ka san da ni a ciki. Amma ka ji wannan tukuna." Ta ba shi labarin kwana ukun nan, da rugar da aka iske wayam, da gonar da Mubashir ya kwanta a ciki. "Baba, hanyar da kake tsoron ta ɗauke ni, ita kake so ya bi safe da yamma. In ka ajiye ni a Kaura kusa da kai, kullum la'asar ina bakin ƙofa ina leƙe, ko zai dawo ko ba zai dawo ba. Tsayuwar da ka yi a tasha ranar Yaya Hamida, rana ɗaya ka yi ta, har yau ba ta sake ka ba. Ni kullum zan riƙa yin ta."

"Ke Mardiyya!" Gwaggo ta dafe ƙirji. Shekara huɗu ba a ambaci wannan ranar a gidan ba.

Liman ya duƙar da kai. Igiyar yake bi da yatsu. Ya wuce ƙulli biyu sababbi na ɗazu, ya ci gaba har can kusa da ƙarshe, inda wasu tsofaffin ƙulli biyu suke, an naɗe su da jan zare. Awon ɗakin Hamida ne. Gwaggo takan kwance na kowa bayan biki, wannan ne ta kasa.

Ya daɗe yana murza su.

"Wane gari kike so?" Bai ɗago ba.

Ta san amsar za ta yi masa ciwo, ta kuma san in ta sake ɓoye gaskiya yau, ta ɓoye ke nan har abada.

"Zurmi, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda likita ya gaya wa abin da dama ya sani. Ya koma kan sababbin ƙullin ya fara kwancewa. Na biyun ya ƙi, sai da ya sa haƙori.

"Kai Mubashir. Gidan nan na Zurmi, ina tsakaninai da asibiti?"

"Da ƙafa ake zuwa, Baba."

"Irin ɗakin ɗazu?"

"Ka zo ka taka da ƙafarka. In ƙarya ce kada ka sake kallona."

"Za ni taka kuwa. Kuma ƙaryar da kay yi sai ka wanke ta. Yau ɗin nan za ka tai gidan surukan Armiya'u ka durƙusa ka faɗi abin da kunka ƙulla, kada auren yarinyar mutane shi lalace saboda kai. Ranar auren da anka sa kuma na ɗage ta sai bayan kaka." Ya juya ga ƙanwarsa. "Balaraba, gobe da hantsi mu bi ayari. Ki auno ɗaki. Ki auno min har da zaure."

"Zaure kuma, Yaya? Gado za a sa ciki?"

"Tabarmata za a sa. Ran da cikinta yat tsufa, can za ni tare har ta sauka. Wagga ba ta naƙuda ina wani gari. In zauren bai ɗauke ni ba, babu aure."

Mardiyya ta waiga ta dubi Mubashir da murna, sai ta ga fuskarsa ta canza. Gumi ya keto masa. Ta san wannan kallon, na mai shirin ɓoye magana ne.

Ya dube ta, ya dubi igiyar.

"Baba," ya ce da ƙyar, "gidan ba shi da zaure. Ƙyauren langa-langa ne kawai, daga titi sai tsakar gida."

Gwaggo ta ce, "Innalillahi!" Mardiyya ta runtse ido, ta ce a ranta shi ke nan, ya kashe su da bakinsa.

Liman ya zuba masa ido.

"Da ka ce akwai," in ji shi, "da gobe ne ƙarshen ganinka da ita." Ya miƙa wa Gwaggo bakin igiyar. "Ki auno mai fili bakin ƙofa. Shi nemi iznin mai gida, shi buga tubali da hannunai. Tsawona da kaɗan ya isa, ba ni da kaya."

Mubashir ya kifa goshi a ƙasa yana godiya, maganar ba ta fita sosai. Gwaggo ta ja igiyar za ta naɗe, sai ta ji ta ƙi zuwa.

Liman bai saki ɗaya bakin ba. Babban yatsansa yana kan jan zaren nan, hawaye na bin gemunsa suna ɗiga a kan buzu, bai ko share ba.

Mardiyya ta samu garin da ta zaɓa, ta samu wanda take so. Amma kukan da ya ƙi zuwa mata ɗazu a ɗaki sai yanzu ya zo gaba ɗaya. Ta rarrafa ta kama gefen rigar mahaifinta ta riƙe gam, kamar tun yau za a sa ta a motar Zurmi.